Dodon koɗin da muke kiwo ba mu sani ba

Duk wanda ya taɓa zuwa ci-rani kurmi, ya ratsa kasuwannin Abijan ko Kumasi ko Kwatano, ya ga mata zaune gaban kwanduna cike da wani irin dodon koɗi ƙato. Wani ya kai dunƙulen hannun babban mutum, wani ma ya fi. Mutanen can suna cin namansa. Suna sayensa da tsada, musamman da rani, lokacin da ya yi wuyar samu a daji. Saboda haka wasunsu suka shiga kiwonsa a gida, kamar yadda muke kiwon zabi da tantabara. A Ingila da wasu ƙasashen Turai kuwa, akwai masu ajiye shi cikin akwatin gilashi don sha'awa kawai. Suna raɗa masa suna, suna ba shi abinci, kamar yadda tsohuwa ke yi wa kyanwarta.

Idan samarinmu suka komo gida suka ba da wannan labari a dandali, dariya ake yi. Amma akan sami mai tambaya: tun da abin yana kawo kuɗi, me zai hana a gwada shi nan Tawa? Tambayar ba ta banza ba ce. Za mu amsa ta, domin amsar za ta kai mu ga wata magana da ta fi ta nauyi.

Wannan dodon koɗi ɗan kurmi ne. Yana son inuwa da laima, da ƙasa mai danshi wadda zai iya tonawa ya shige. Mai kiwonsa yana yayyafa masa ruwa safe da maraice. Yana ba shi ganyen gwanda da kabewa da ayaba. Yana daka masa ɓawon ƙwai, domin kwansonsa ya yi ƙarfi. Gishiri kuwa ajalinsa ne, ba a bari ya taɓa shi. Abincin da ya kwana sai a kwashe a zubar.

Babban abin da masu kiwon ke tsoro shi ne wasu ƴan ƙwari farare, dangin ƙuman kaji, waɗanda da ƙyar ido ke ganinsu. Suna gudu bisa jikin dodon koɗin, su shige ƴar kafar da yake numfashi da ita, su zauna ciki suna shan jininsa. Wanda suka yi wa yawa sai ya rage cin abinci, ya daina girma, ya lafe cikin kwansonsa. Ba a fesa masa maganin ƙwari, domin maganin na iya kashe shi tare da su. Abin da ake yi shi ne a ware mai ƙwarin, a wanke shi a hankali da ruwa mai ɗan ɗumi, a zubar da tsohuwar ƙasar, a wanke akwatin tas, a shanya, a zuba sabuwa. Baƙon da aka sayo ba a gama shi da na gida, sai ya yi makonni shi kaɗai an ga lafiyarsa. A Turai har sayar da wasu ƙwari ake yi masu cin waɗannan fararen, a zuba su cikin akwatin su yi ta farauta. Amma duk masu kiwon sun san abu guda. Wanke dabbar kaɗai ba ya raba ta da ƙwarin, muddin ba a gyara makwancinta ba. Mu riƙe wannan magana, za mu komo gare ta.

Ra'ayinmu shi ne kada a kawo shi Adar. Ruwan saman da Abijan ke samu a shekara ya zarce milimita 1500. Na Tawa da ƙyar yake kai 400, shi ma cikin wata uku ko huɗu yake sauka. A watan Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, iskar hunturu kuma ba ta barin laima ko a ƙuryar ɗaki. Idan iska ta bushe, dodon koɗin yakan toshe bakin kwansonsa da wani farin murfi, ya yi ta barci, ba ci ba girma. Ruwan da za a riƙa zuba masa don kada ya yi barcin, ruwa ne da wata baiwar Allah ta ja da guga daga rijiya mai zurfi. Ga shi kuma ba mu da masu saye.

Wuri ɗaya ne a ƙasarmu zai iya yi masa daɗi, wato garka, inda ake ban ruwa kullum. Nan kuwa ne ba ma son ganinsa, don salati da kabeji da ƴan tsiron da ake reno duk abincinsa ne. A shekarar 1966 wani yaro ya kai guda uku birnin Miyami na ƙasar Amurka, kakarsa ta sake su a lambun gida. Cikin ƴan shekaru, sun haura 18,000. Sai da hukuma ta yi kusan shekara goma tana yaƙi da su, ta kashe fiye da dalar Amurka miliyan ɗaya, sannan ta gama da su. Ban da ɓarna, yana iya ɗaukar wata tsutsa daga kashin ɓera, wadda ke sa wa mutum ciwo mai kama da sanƙarau idan ya ci naman bai dahu ba, ko ya ci ɗanyen ganyen da dodon koɗin ya bi ba a wanke ba. Don haka ɗan ci-ranin da ke son yi wa yara tsaraba, ya nemi wani abin.

To, ga maganar da ta fi nauyi. Muna yi wa mutanen kurmi da Turawa dariya, alhali mu ma muna kiwon dodon koɗi. Mun daɗe muna yi. Mun ba shi masauki, muna ciyar da shi, har ma muna kai masa baƙi.

Namu ƙarami ne, bai fi ƙwayar wake ba. A cikin ruwa yake zama, a tabki da baraji da hanyoyin ban ruwa. Yana maƙale a ƙarƙashin ganyen bado, da jikin ciyawar ruwa, da ruɓaɓɓun kara, da tsummokara da ledojin da muke zubarwa bakin ruwa. Masana suna kiransa Bulinus. Wanda ke son gane shi ya ɗebo shi da ludayi, kada da hannu. Idan ka tsayar da kwanson, tsininsa sama, bakinsa na dubanka, za ka ga bakin yana wajen hannunka na hagu. Guda ɗaya na iya cika tabki da zuriya, domin kowane ɗaya namiji ne kuma mace. Akwai wani irinsa da ya iya zaman Sahel ƙwarai. Idan tabkin damina ya ƙafe, sai ya shige cikin laka ya yi barci watanni, kamar yadda ƙaton ɗan uwansa na kurmi ke yi. Ruwan fari na sauka, shi kuwa ya farka.

Shi ma yana da abin da ke zama cikin jikinsa. Bambancin shi ne, ƙwarin ƙaton dodon koɗi shi suke cutarwa. Abin da ke cikin namu kuwa, ƴaƴanmu yake nema. Shi ne tsutsar da ke kawo tsargiya, wato fitsarin jini.

Ya kamata kowa ya san yadda abin ke zagayawa, don a nan ne dabarar take. Mai tsargiya yana da tsutsotsi, mace da namiji, cikin jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsararsa. Macen tana zuba ƙwai kullum. Kowane ƙwai yana da ɗan tsini kamar ƙaya. Ƙwayayen suna huda jikin mafitsara su fito tare da fitsari, shi ya sa ake ganin jini, musamman a ƙarshen fitsarin. Idan fitsarin ya zuba a busasshiyar ƙasa ko a salga, ƙwan ya mutu, magana ta ƙare. Idan kuwa ya zuba cikin tabki, sai ƙwan ya ƙyanƙyashe. Ɗan abin da ya fito ba ya iya shiga jikin mutum. Dole ya sami dodon koɗi kafin kwana guda, in ba haka ba ya mutu. Idan ya samu, sai ya shige, ya yi kamar wata guda ko fiye yana hayayyafa. Bayan haka dodon koɗin ya fara sakin ƴan tsutsotsi masu wutsiya, ɗaruruwa a yini, ido ba ya ganinsu. Waɗannan su ne masu huda fata. Ba sai mutum yana da rauni ba, ba kuma sai ya sha ruwan ba. Ya isa ya tsoma ƙafa. Bayan wata biyu zuwa uku sun girma cikin jikinsa, shi ma ya fara zubar da ƙwai. Tsutsar tana iya yin shekara uku zuwa biyar a jikin mutum, wata ma ta fi.

Ku lura da kyau. Mutum ba ya ɗaukar tsargiya kai tsaye daga mutum. Dodon koɗi ma ba a haifarsa da ita. Mu ke ba shi, shi kuma ya riɓanya ya mayar mana. Ruwa ba ya tsami banza.

Akwai wani abin takaici kuma. Dodon koɗin ya fi sakin tsutsotsin da tsakar rana, daga hantsi zuwa azahar. Wannan ne daidai lokacin da zafi ke kora yara cikin ruwa, lokacin da ɗan kiwo ke kawo awaki su sha, shi ma ya tuɓe ya faɗa.

Ba yau aka san wannan ba. Wani likita Bajamushe mai suna Theodor Bilharz ne ya fara ganin tsutsar a birnin Alƙahira a shekarar 1851, shi ya sa ma'aikatan lafiyarmu ke ce wa ciwon bilarziyoz. A shekarar 1915 wani masani mai suna Robert Leiper ya tabbatar, a Masar ɗin dai, cewa ta cikin dodon koɗi take bi. Yau fiye da shekara ɗari ke nan. Amma har yanzu a garuruwanmu ana jin masu cewa zafin rana ne ke kawo ta. Mafi muni, ana jin masu cewa alamar balaga ce, yaro ya fara zama namiji. Uban da ya ga jini a bakin ragonsa ba ya kwana bai nemi malamin dabbobi ba. Amma ya ga jini a fitsarin ɗansa, sai ya ce girma ne. Wannan kuskure ne babba, kuma mu iyaye maza mun fi kowa laifi a cikinsa, don mu ma haka aka gaya mana muna yara, muka riƙe.

Jinin da ake gani shi ne ƙaramin abin. Ƙwayayen da ba su sami fita ba suna maƙalewa cikin nama, jiki ya yi ta yaƙi da su, wurin ya yi tabo ya taurare. Yaron yakan yi ƙarancin jini, ya riƙa gajiya, ya yi gyangyaɗi a makaranta, a ce masa malalaci. Idan ya girma jinin kan ragu, har a zaci ya warke, alhali ɓarnar na ci gaba a ɓoye. Hanyar fitsari na iya toshewa, ƙoda ta lalace. Wasu ma daga baya ciwon daji ke kama mafitsararsu.

Sha'anin mata ya fi ban tausayi, don ba a faɗarsa. Yarinyar da ke wanki da ɗibar ruwa a tabki tana ɗauka kamar yadda ɗan uwanta mai iyo ke ɗauka. A jikinta ƙwayayen kan maƙale a mahaifa da hanyar haihuwa. Idan ta yi aure sai ciwon mara, da zubar jini ba lokacinsa ba, da zafi wajen kwanciyar aure, wani lokaci da rashin samun ciki. Alamun suna kama da na ciwon sanyi, har a fara zarginta da abin da ba ta aikata ba. Akwai auren da ke lalacewa a kan abin da tushensa yana bakin tabkin da matar ta yi ƙuruciya. Duk matar da ke fama da irin wannan, idan ta je likita, ta gaya wa ungozoma cewa ta tashi a garin da ke da tabki.

Kada wani ya ce wannan ciwon mutanen bakin kogi ne. A shekarar 2004 Nijar ta buɗe shirin ƙasa na yaƙi da tsargiya, aka fara raba magani kyauta. A lokacin, masu bincike na cibiyar CERMES ta Yamai sun auna ƴan makaranta a garuruwa takwas. Cikinsu akwai Tabalak, mai nisan kimanin kilomita 50 daga Tawa a kan hanyar Abalak, da Kawo, da Mozage ta ƙasar Ƙonni. Idan aka gama garuruwan takwas, yara 75 cikin 100 suna ɗauke da tsutsar, wato uku cikin huɗu. Kusan 62 cikin 100 suna da ƙarancin jini. Aka ba su magani sau ɗaya. Bayan shekara guda aka sake aunawa, masu tsutsar suka koma 38 cikin 100, masu ƙarancin jini suka koma 50.

Wannan lissafi yana gaya mana abu biyu. Na farko, maganin yana aiki, babu shakka. Na biyu, bayan shekara ɗaya tak, yaro ɗaya cikin uku, har da ɗori, yana ɗauke da ita. Wasu ba su warke sarai ba, wasu kuwa sun koma ruwan sun sake ɗauka. Nan ne muke komawa ga maganar mai kiwon ƙaton dodon koɗi. Mun wanke dabbar, ba mu gyara makwancin ba.

Kafin mu zo ga makwancin, bari mu gama da maganin, don akwai gyara a yadda muke karɓarsa. Sunansa farazikantel. Ƙwayoyi ne farare masu ɗaci, ana shan su sau ɗaya. Masu rabawa suna tsayar da yaro jikin wata sanda mai zane, tsawonsa ya nuna ƙwaya nawa zai sha. Ba a shan sa da yunwa. Yaron da ya sha cikinsa wayam yakan ji jiri da tashin zuciya da murɗar ciki. Abin yana wucewa, amma shi ke sa wata shekara iyaye su ɓoye ƴaƴansu, a fara ƙananan maganganu a gari. Ranar rabon magani a ba yaro fura ko kunu mai kauri tun da safe. Wannan kaɗai ya isa ya kashe rabin jita-jitar. A sani kuma maganin yana kashe tsutsar da ke jiki ne, ba ya hana wata shiga gobe, shi ya sa ake maimaita shi.

Sauran gyaran shi ne waɗanda ake tsallakewa. Idan aka tsaya ga makarantar boko kaɗai, an bar ɗan kiwo, an bar almajiri, an bar yarinyar da ba a sa makaranta ba, an bar masunci da mai garka. Waɗannan kuwa sun fi kowa daɗewa cikin ruwa, kuma fitsarinsu na ci gaba da ciyar da dodon koɗi. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa duk garin da mutum 10 cikin 100 ko fiye ke da ciwon, a riƙa ba kowa magani sau ɗaya a shekara, tun daga ɗan shekara biyu har tsoho. Cikinsu har da masu shayarwa, da masu cikin da ya wuce wata uku. Babban da ya ga jini ko yake jin zafin fitsari, kada ya jira ranar rabo, kada kuma ya sayi ƙwayoyin tebur. Ya je gidan likita.

Yanzu makwancin. Wasu suna cewa a hana yara shiga tabki, shi ke nan. Mai faɗar haka bai taɓa tsaron yaro ɗan shekara goma a watan Mayu ba. Za a hana yau, gobe ya zagaya ta bayan gari. Matar da ba ta da wani ruwan wanki kuma, hana ta ba ya wanke mata tufafi.

Wasu kuma suna ɗora laifin a kan baraji. Akwai gaskiya a maganarsu. A ƙasar Senegal an gama madatsar Diyama a shekarar 1986. Cikin ƴan shekaru irin wannan ciwon mai kama hanji ya kama fiye da rabin mutanen garin Rishar-Tol, inda da ba a san shi ba. Duk inda aka tsayar da ruwa, an yi wa dodon koɗi gida. Amma mu mutanen Adar ba mu da bakin zagin ruwa. Mun san abin da farin 1984 ya yi mana. Mun san cewa noman ranin da Shugaba Saini Kunce ya yi kira a kama bayan farin ya riƙe gidaje da yawa. Aikin raya karkara na Keita, wanda aka fara a 1984 da taimakon Italiya, ya tsayar da ruwa a ƙoramun da da suke wucewa su bar mu da zaizayar ƙasa, kuma matan yankin ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun a kansu. Albasar Galmi da kifin Tabalak duk ƴaƴan ruwan da ya tsaya ne. Ba wanda zai ce a fasa baraji don dodon koɗi.

Abin da muke cewa shi ne, wanda ya tsayar da ruwa ya zama makiyayi, ko ya so ko bai so ba. Makiyayi kuwa shi ke da alhakin garkensa. Muna da ƙungiyoyin masu garka, da na masunta, da kwamitocin kula da ruwa. Suna zama a kan rabon ruwa, da kuɗin gyaran injin, da rikicin manoma da masu dabbobi. Sai dai maganar dodon koɗi an bar wa likita, likita kuwa ba shi ke da tabkin ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Aikin bai fi ƙarfinmu ba, domin ba duk tabkin ne ke da hatsari daidai ba. Cutar ta fi taruwa a mashigai, ƴan wuraren nan da mutane ke wanki da wanka da shayar da dabbobi. Nan fitsari ke zuba, nan shara ke taruwa, nan ruwa ya fi kwanciya. Gari guda bai cika wuce mashigi uku ko huɗu ba. Idan aka share ciyawar ruwa da leda da tsumma daga waɗannan wurare, an rage wa dodon koɗi abinci da maɓoya. An gwada haka a wasu ƙauyukan arewacin Senegal, aka bayyana sakamakon a 2023. Inda aka riƙa cire ciyawar daga mashigai, yara sun rage kamuwa da irin mai kama hanji. Ciyawar da aka cire kuma aka yi taki da ita, aka ciyar da dabbobi. Mai garka ya san darajar taki. Sharaɗin shi ne masu aikin su sa takalmin roba mai dogon wuya da safar hannu, su yi aiki da manjagara, da sassafe, su kuma jibge ciyawar nesa da ruwa rana ta gasa ta. Kada a tura yara wannan aiki.

Haka hanyoyin ban ruwa. Dodon koɗi ba ya son ruwa mai gudu. Hanyar da ta cika da laka da ciyawa, ruwa na tafiya cikinta kamar ba ya so, ita ce gidansa. Yashe ta yana amfanin albasa, yana kuma amfanin mai ban ruwan.

Sai maganar da ake jin kunyar faɗa a taro, wato fitsari. Mun ga cewa ƙwan da bai kai ga ruwa ba ya mutu. Ashe salga ɗaya kusa da mashigi, can sama inda ruwa ba ya kaiwa, ta fi dogon wa'azi. A koya wa yaro ya yi fitsarinsa a tudu kafin ya shiga ruwa. Wannan ya fi sauƙin koyarwa bisa hana shi shiga ɗungum. Manya ma ba su fita ba, mu faɗi gaskiya.

Ruwan wanka da wanki kuma yana da dabara mai arha. Ƴan tsutsotsin masu wutsiya ba su wuce kwana biyu da rai idan ba su sami mutum ba. Ruwan tabkin da aka zuba a randa ko tano, aka tabbatar babu dodon koɗi a ciki, aka bar shi ya kwana biyu cur, ana iya wanka da shi. Wanda aka tafasa ma haka, da zarar ya huce. Jariran da ake zaunarwa cikin kwano a yi musu wanka da ruwan da aka ɗebo yanzu daga tabki, su ma suna ɗauka, ko da ƙafarsu ba ta taɓa zuwa bakin ruwa ba. Rijiyar da aka gina a ɗan nesa da tabki ba ta da dodon koɗi. Idan aka yi mata dandamalin siminti na wanki, da ɗan zagaye na wanka, mata da kansu za su bar mashigin, ba sai an yi musu doka ba. Duk mai kawo aikin baraji ko na gyaran tabki, ya kamata maigari da magajin gari su tambaye shi tun kafin a sa hannu: ina rijiyar, ina dandamalin wanki, ina salgar? Tun ran gini ran zane.

Masu dabbobi su ma maganar ta shafe su. Akwai wani dodon koɗin ruwa, wanda bakinsa ke hannun dama, mai ɗaukar tsutsar hanta. Mahauta sun san ta, faffaɗa ce kamar ganye, ita ke sa a zubar da hantar saniya ko ta tunkiya. Dabbar tana ɗaukarta wajen cin ciyawar bakin ruwa. Shayarwa a kwami ya fi tura garke cikin laka.

Akwai wani abu da za mu faɗa tare da gargaɗi. Tun 1933 wani likita a ƙasar Sudan ya nuna cewa ƴaƴan aduwa, wannan itacen da ya cika dazuzzukanmu, idan aka jiƙa su a ruwa suna kashe dodon koɗi da ƴan tsutsotsin. Gaskiya ne. Amma abin da ke cikinsu mai kashe dodon koɗi yana kashe kifi. Wanda ya zuba aduwa a tabkin Tabalak ko na Ɗan Dutsi ya kashe wa masunta abinci, tabkin kuma ya fi ƙarfin abin da zai zuba. Maganin kanti mai kashe dodon koɗi shi ma haka yake yi wa kifi, ga tsada, aikin ma'aikatan lafiya ne. Inda aduwa za ta iya amfani shi ne ƴan kududdufan bayan gari da ramukan da aka haƙi ƙasar gini, waɗanda ba kifi cikinsu sai yara. Ko su ma, a fara shawartar ma'aikacin lafiya. Ramin da ba shi da amfani kuwa, cike shi ya fi.

Kowace ƙungiyar masu garka tana da littafin da take rubuta kuɗin ruwa. A ware shafi guda a ƙarshensa. A rubuta sunayen mashigan gari. A gaban kowane a rubuta ranar da aka share shi da sunan wanda ya jagoranci aikin, sau ɗaya bayan ɗaukewar damina, sau ɗaya kafin zafin bazara ya kora yara cikin ruwa. A ƙasa a rubuta ranar da aka raba magani a garin, da unguwa ko zangon da masu rabon ba su kai ba, domin maigari ya aika wa gidan likita tun kafin su tattara kayansu.